Bayan Motar Mawaƙa Ta Tashi

 

An ce in yi magana a kan wata hidima da ta fara yawa a tsakaninmu. Ƙungiyar mawaƙa ta tara kuɗi, ta ɗaure kayan kiɗa a saman mota, ta ƙetare iyaka zuwa Nijar ko Chadi ko Kamaru ko Gana, wani lokaci ma ta hau jirgi zuwa Turai ko Amurka, ta yi mako biyu ko uku tana waƙar bishara, ta dawo gida. Wasunku sun riga sun karɓo fasfo. Ina murna da hakan, domin ni mai goyon bayan wannan hidima ne. Zumunta a ƙafa take, kuma ikkilisiyar da ba ta ziyara takan manta tana da 'yan'uwa. Amma wanda nake so ku sa a ranku yau shi ne mutumin da zai tsaya a bakin hanya yana ɗaga muku hannu ranar da motarku ta tashi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Hantsi na yi kun tafi, shi kuwa mai masauki zai koma cikin gida ya zauna da abin da kuka bari, a bakin mawaƙansa, a rumbunsa, da tsakaninsa da maƙwabtansa. A wurinsa ne za a san ko tafiyarku ta yi albarka.

Mu kanmu muna zaune da abin da wasu baƙi suka bari. A 1873 wasu Amurkawa biyu suka sauka Ingila, Dwight Moody mai wa'azi da Ira Sankey mai waƙa. Sankey yana tafe da ɗan akwatin kiɗa wanda ake hura wa iska da ƙafa. Da za su shiga Sikotilan an yi fargaba, domin majami'u da yawa a can Zabura kaɗai suke rerawa, wasu kuma ba sa yarda kayan kiɗa su shiga ɗakin sujada ko kaɗan. Duk da haka jama'a suka yi ta cika wuraren taro. Su biyun suka koma gida a 1875, amma ɗan littafin waƙoƙin da Sankey ya fara bugawa a can ya yi ta ƙara kauri har ya kai waƙoƙi 1,200. A zamanin da waɗannan waƙoƙi suka cika majami'un masu jin Ingilishi ne mishanoni suka fara zuwa mana: Rowland Bingham da abokansa biyu sun sauka Legas a Disamba 1893, Karl Kumm ya isa Wase a 1904. Shi ya sa muryoyi da yawa a Littafin Waƙoƙi namu daga littafin Sankey aka ɗauko su, aka sa musu kalmomin Hausa. Yau tsohuwa a Kagoro ko a Tsibiri tana rera muryar da wani baƙo ya yaɗa a Ingila shekaru 150 da suka wuce, ba ta taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya sa waƙoƙin nan suka zauna shi ne suna da sauƙi, suna da amshi, kuma ana iya rera su a gona ko a bakin kabari ba da wani kayan kiɗa ba. Da su aka yi wa iyayenmu baftisma, da su aka binne su, kuma ba zan yarda wani ya raina su a gabana ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce: an yanka muryoyin ne daidai bakin Bature. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da hawa da saukar sauti, kuma muryar da ba ta san da wannan ba takan ja inda ya kamata a gajarta, ta sauka inda magana ta hau. Ga shi kuma a tashoshin mishan da yawa an bar ganga a waje shekara da shekaru, ana ganin kayan arna ce. Iyayenmu na Zumuntar Mata, da mawaƙan Sabon Rai Don Kowa da suka taso a farkon shekarun 1960, su ne suka tsaya tsayin daka har tulu da ganga da caki suka sami wuri, har waƙar mai bayarwa da masu amshi ta zama ta ɗakin Allah. Mun ɗanɗana zaƙin abin da baƙo ya bari, mun ɗanɗana ɗacinsa. Yanzu mu ne baƙin.

Akwai labarin da nake so kowane ɗan kwaya ya sani, na wasu matasa tara baƙar fata daga Jami'ar Fisk da ke Nashville a Amurka. An buɗe makarantar a 1866 domin 'yantattun bayi, kuma cikin shekara biyar bashi ya kusa rufe ta. Ranar 6 ga Oktoba 1871 ma'ajinta, George White, wanda shi ne kuma malamin waƙa, ya kwashi ɗan abin da ya rage a asusu ya fita da su neman taimako. Mafi yawansu cikin bauta aka haife su. An hana su ɗaki a masaukai saboda launin fatarsu, sanyi ya kama su ba su da rigunan kirki. Ɗan kuɗin da suka fara samu, wanda bai kai dala 50 ba, suka miƙa shi ga mutanen Chicago da gobara ta cinye wa gari a wannan watan. Da farko waƙoƙin Turawa suke rerawa, domin su nuna su ma sun iya. Waƙoƙin da iyayensu suka rera cikin bauta kuwa, suna jin nauyin fito da su gaban baƙi. Abin cikin gida ne, yana kuma tono musu abin da suke so su manta. Sai da suka fara rera waɗannan ne masu sauraro suka yi tsit, wasu suka zubar da hawaye, hannu ya fara shiga aljihu. A 1873 suka ƙetare teku, suka rera gaban Sarauniya Victoria, suka kuma yi waƙa a wasu tarukan Moody. Da kuɗin da suka tara aka gina Jubilee Hall, wanda yana nan tsaye har yau. A 1878 ƙungiyar ta watse, gajiya da ciwo sun ci ƙarfinsu.

Ku malaman kwaya, ku riƙe ƙarshen labarin nan. Murya nama ce. Wanda ya tsara wa yara taro uku a yini, kwana bayan kwana, a kan hanya mai ƙura, yana kashe abin da aka ba shi amana. Ku mawaƙa kuma ku riƙe tsakiyarsa: abin da suka ji kunyar fitarwa shi ne abin da duniya take jira. Ina faɗin haka ne domin nakan ji ƙungiya ta shafe wata uku tana kwaikwayon waƙar Legas ko ta Amurka daga YouTube, har da yadda mai waƙar ke lumshe ido, da nufin ta kai wa mutanen Maradi ko Moundou. Su ma suna da waya. Sun riga sun ji ta daga bakin mai ita, kuma ya fi ku iyawa.

Gajeriyar tafiyar bishara irin wadda muka sani yau 'yar zamanin jirgin sama ce. George Verwer ya tafi Meksiko da abokansa lokacin hutu a 1957, daga nan ƙungiyar mishan ta OM ta samo asali. Loren Cunningham ya kafa ƙungiyar mishan ta YWAM a 1960. Ƙungiyar Continental Singers ta Cam Floria ta yi suna tun ƙarshen shekarun 1960 wajen kwasar matasa mawaƙa zuwa ƙasashe a lokacin hutu. Abin ya bunƙasa har Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta, a lokacin bincikensa, cewa Amurkawa wajen miliyan 1.6 ke fita irin wannan tafiya kowace shekara. Su da kansu sun fara tambayar amfaninta. Kurt Ver Beek ya bi sawun ƙungiyoyin da suka je Honduras gina gidaje bayan guguwar Mitch ta 1998, ya tarar ƙungiya takan kashe wajen dala 30,000 a kan tafiya, alhali 'yan ƙasa suna gina irin gidan da dala 2,000.

Lissafin nan ya shafe mu, kuma duk ma'ajin da ya tashi a taron dattawa ya ce me zai hana a aika kuɗin motar ga mai bishara da ke can, kada a yi masa kallon marar ruhaniya. Tambayarsa tana da kyau. Amsar da nake da ita ita ce, akwai abin da ba ya bin banki. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN) ne. A ƙarshen Oktoba na wannan shekarar hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, fastoci da iyalansu suka watsu. 'Yan'uwansu na Amurka, waɗanda daga cikinsu ne Stover Kulp da Albert Helser suka zo Garkida a 1923, sun yi ta tara gudummawa. A tsakiyar 2015 mawaƙan Zumuntar Matan EYN suka tafi can, suka zaga majami'u, suka rera a babban taron shekara na ikkilisiyar a Tampa. Sun tafi da ɗinkinsu iri ɗaya, da kayan kiɗansu na gida, da Hausarsu. Mutanen da suka shekara suna karanta labarin mutuwa a takarda sai ga shi sun ga matan da abin ya shafa tsaye a gabansu suna yabon Allah. Godiya suka je yi, da shaida. A ganina wannan tafiya ta biya kuɗinta, domin an gayyace su, sun san abin da ya kai su, kuma sun tafi da muryarsu.

To, mu dawo kan hanyar da mafi yawanku za su bi, ta Jibiya zuwa Maradi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni da Galmi. Farkon abin da za ku sani shi ne ba ku ne kuka kai bishara can ba. Ƙungiyar mishan ta SIM ta zauna a Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, kuma akwai iyalai a Tsibiri da suka yi zuriya uku ko huɗu cikin bangaskiya. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, amma sun san abubuwa game da zaman haƙuri da maƙwabci waɗanda mu da ke cika majami'u a Jos ba mu sani ba. Ku shiga da kunne a buɗe.

Hausa za ta buɗe muku ƙofa, wannan kyauta ce babba. Da ita za ku yi ciniki a zangon Kumasi, ku gaisa a Garwa, a gane ku a Injamena, kuma a 2025 Nijar ta ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Amma ina so ku dubi juna a ɗakin nan. Nawa ne cikinmu Berom, Ngas, Bajju, Atyap, Bura, Margi, Tangale? Nawa ne cikinmu ke iya rera waƙar sujada guda biyar da harshen kakarsa? Hausa ta haɗa mu, mun gode wa Allah, amma a majami'u da yawa ta zauna a kujerar harsunan iyayenmu. Idan kun isa wurin Gurmawa a kudu maso yammacin Nijar, ko Zabarmawa, ko Ngambay a kudancin Chadi, kada ku yi musu abin da aka yi mana. Kafin ku tashi, ku roƙi mai masauki ya turo muku waƙa biyu ta harshensu ta WhatsApp, ku koye su sosai, ku fara da su. Za ku yi kuskure, za su yi dariya su gyara muku, kuma daga wannan gyaran zumunci ke farawa.

Abin da na fi so ƙungiya ta ware wa kwanaki kuwa shi ne zama da mawaƙan wurin su fitar da sabuwar waƙa tasu. Ba sabon abu ba ne: Vida Chenoweth, wadda ta yi suna a Amurka wajen kiɗan marimba, ta bar dandali ta je ta zauna da mutanen Usarufa a Papua New Guinea, ta koyi yadda waƙarsu ke tafiya domin su yabi Allah da ita. Bari in nuna muku yadda na ga ana yi a wani ƙauye a ƙasar Gobir. An shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro bayan majami'a. Malami ya karanta labarin makahon nan na Yariko, ya sake karantawa, ya sake, har matan da ba su yi boko ba suka iya mayar da shi da ka. Sai aka yi shiru mai tsawo, irin wanda baƙo yakan ƙosa ya cike da jita. Wata tsohuwa, wadda aka sani da waƙar niƙa, ta fara gunguni a maƙogwaro tana kaɗa kai, ta jefa kalma huɗu ko biyar. Wata ta kama mata. Aka gwada amshi, bai zauna ba, aka sauke, aka sake ɗauka daga wani wuri. Wata yarinya ta jawo tulu tsakanin ƙafafunta tana dukan bakinsa da ɗan soso, sai tafi ya daidaita. Fasto ya tsayar da su a kan baiti ɗaya, ya ce kalmar da suka sa ta mai da Yesu kamar boka, aka canza ta. Aikin baƙi a duk wannan shi ne riƙe waya a ɗauki murya, da kawo ruwa, da kama baki. Kafin la'asar an sami waƙa uku, an zuba su a katin memori, an raba.

Mai kibod ɗin baƙin ya so ya bi su, malaminsa ya dafa masa kafaɗa. Ya yi daidai. Waƙar tsohuwar tana da nata matakan sauti, kuma da an ɗora mata na kibod da ta karkace ta zama wani abu dabam, da ita kanta tsohuwar ta ji kamar an nuna mata cewa nata bai isa ba. Wannan shi ne haɗarin da kayanmu ke ɗauke da shi. Kun zo da janareto da lasifika huɗu da gangunan Turawa, kun girgiza gari kwana biyar. Ranar Lahadi ta gaba matasan wurin suka dubi tulunsu suka ji ya yi musu ƙanƙanta. Kun bar su da kwaɗayin abin da ba su da shi, da rainin abin da suke da shi. Ban ce a bar kibod a gida ba. Na ce a kowane taro a kashe inji na ɗan lokaci, ku sauko ku tsaya a bayan mawaƙansu kuna yi musu amshi.

Yanzu maganar rumbu. Na taɓa zama a tsakar gidan wani fasto washegarin da wata babbar ƙungiya ta tashi daga wurinsa. Mama, matar faston, tana durƙushe tana wanke manyan tukwanen da ta aro a maƙwabta. Akurkin kaji wayam. Buhun geron da ya kamata ya kai su kaka ya sauka ƙasa da rabi, shinkafa da mai kuma bashi aka ciwo a kanti, domin an ji cewa baƙin ba su saba da tuwon gero ba. Yaran gidan sun yi mako suna kwana a zaure domin baƙi su sami katifa. A jikin bango ga kibod da aka bar musu kyauta, an rufe shi da zane saboda ƙura. Garin ba wuta, ba kuma wanda ya iya kaɗawa. Na tambaye ta yadda suka ƙare, ta ce, “Alhamdu lillahi, Baba, mun ga alheri.” Kuma da gaske take. Karamci ba zai bar ta ta faɗi wani abu ba, ko yau ko gobe, kuma in kun sake cewa za ku zo za ta ce maraba.

Saboda haka nauyin yana kanku. Manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti domin kada ya zama kaya a kan kowa, kuma Ubangiji da ya aiki almajirai biyu-biyu ya umarce su su ci abin da aka ajiye musu. Ku haɗa waɗannan biyun. Kuɗin abinci ya riga ku isa, ta hannun shugabannin ikkilisiyarsu, ba wai a damƙa wa fasto ambulan a gaban jama'a ranar sallama ba. Iyayenmu mata su yi magana da Mama kai tsaye, mace da mace, domin ita ta san gaskiyar tukunya. Ku ci abin da gidan ke ci. 'Yan matanmu da samarinmu su ɗebo ruwa su yi wanke-wanke. Kuma ku rage yawa: mutum goma sha biyu da suka san abin da ya kai su sun fi arba'in da rabinsu yawon buɗe ido suka je. Kyauta kuwa, a tambaya kafin a saya. Wataƙila abin da suke so Littafi Mai Tsarki ne, ko fitila mai aiki da hasken rana, ko fatar ganga.

Maganar maƙwabta ita ce mafi nauyi, kuma ina roƙon ku ku saurare ni da kyau. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai, aka ƙone majami'u da dama, mutum 10 suka mutu. Abin da aka yi a Paris ne ya faɗo a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A cikin wannan wuta akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu. Wannan amana ba a yini ɗaya aka gina ta ba; shekaru ne na gaisuwar safe, da zuwa suna da jana'iza, da aiko da abincin Sallah da na Kirsimeti. Baƙo mai makirufo zai iya ɓata ta cikin dare ɗaya, ya hau mota ya tafi. Don haka ranar da kuka isa, mai masauki ya kai ku ku gaida mai gari da mai unguwa, in ya ga ya dace har da liman. Ku san lokutan salla, lasifika ta yi shiru in an kira. Kada wata kalma ta fito daga bakinku da ke taɓa addinin wani; ku rera abin da kuka gaskata game da Almasihu, ya isa. Shiga da rawa, ku bi abin da matan ikkilisiyar wurin ke yi. Kayan kiɗa ma suna da dangi: mu mun san kunnen Bahaushe yana jin goge ko garaya sai ya tuna bori, kuma kowace ƙasa tana da nata irin wannan. Ku tambaya. In mai masauki ya ce yau a cikin majami'a za a yi, ba a fili ba, to a ciki za a yi, ko da kun sha wahalar ɗauko injin.

Waya ma makirufo ce. Hoton da ka ɗora a Facebook domin mutanen gida su ga aiki, yana iya nuna fuskar wanda iyalinsa ba su san yana zuwa majami'a ba, ka raba shi da gidansu ko da matarsa. Kada a ɗauki kowa sai da izininsa da na fasto. Haka kuma lissafin “rayukan da aka samu”. Yaro zai ɗaga hannu domin ya ga baƙo mai fara'a, babba zai ɗaga domin kada ya kunyata ka. Fasto da zai zauna da su shekara mai zuwa shi ya san wanda ya tsaya. Ku bar masa ƙirgan, kada ku dawo ku faɗa wa ikkilisiya abin da ba ku tabbatar ba.

Sauran takardu da kuɗi, musamman ga masu hawa jirgi. A 1891 wata kwaya daga Afirka ta Kudu ta tafi Ingila neman kuɗin gina makarantar koyon sana'a, ta rera gaban Sarauniya, amma kuɗin bai taru ba. A tafiya ta biyu zuwa Amurka masu shirya abin suka yashe su a Ohio. Allah ya sa ikkilisiyar AME ta ɗauki wasunsu, cikinsu har da Charlotte Manye, wadda ta yi karatu a Jami'ar Wilberforce ta koma gida a matsayin baƙar mace ta farko a ƙasarta mai digiri. Ba kowa ke samun wannan ba. A ƙarshen shekarun 1990 wata ƙungiya a Texas ta kwaso yara mawaƙa daga Lusaka ta Zambiya da alkawarin karatu da gina makarantu, ta yi ta sa su waƙa sau da yawa a yini ba biya, sai da hukumomin Amurka suka shiga. Da sunan bishara aka yi wannan. Iyaye, kafin ku sa hannu ku tambaya: wace ikkilisiya ce ta gayyata, a rubuce? Wa ke riƙe da baikon da za a tara, ina zai tafi? An biya kuɗin dawowa? Wace dattijuwa ce za ta kwana da 'yan mata? Fasfon kowa ya zauna a hannunsa. Ku kuma 'ya'yana, wanda ya shiga kwaya da niyyar ya sulale in an isa Turai, ya sani ya yi ƙarya da sunan Allah, ya kuma rufe ƙofar biza ga duk ƙungiyar da za ta biyo baya. Masu bin ƙasa su ma kada su dogara da yadda aka saba. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar an buɗe, ƙasar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Ku nemi bayanin abin da ake buƙata a makon da za ku tashi, ku riƙe katin rigakafin shawara, kuma in mai masauki ya ce hanya ba kyau, a ɗage.

Da Bulus da Barnaba suka gama zagayensu na farko, Antakiya suka koma, suka tara ikkilisiyar da ta aike su suka ba ta labari. Ku ma ku yi haka, da lissafin kuɗi a rubuce, ku kuma koya wa ikkilisiya waƙoƙin da kuka koyo, kuna faɗin sunan garin da aka ba ku su. Bayan wata shida a kira fasto na can, ba shugaban tafiyar ba, wani dattijo dabam wanda zai iya jin gaskiya, a tambaye shi wace waƙa ake rerawa har yanzu, ko an biya bashin kanti, da yadda yake da maƙwabtansa.

Ina kuma da roƙo ga kwamitin da ke tsara kasafin bana. A cikin duk abin da aka tara domin tafiya, a ware kaso domin kuɗin motar mawaƙansu su zo mana baɗi. Su kwana a ɗakunanmu, matanmu su dafa musu, su tsaya a gaban majami'unmu da tulunsu da harshensu, mu zauna a benci mu koyi amshi. Na riga na yi wa ma'aji maganar, ya ce in dattawa sun amince zai buɗe mata shafi dabam a littafin asusu tun wannan watan.